KO ALLAH YANA LISSAFIN AIKIN GIDA?

Wata ranar Lahadi cikin damina mun yi wa'azi a kan Martha da Maryamu, a majami'armu ta wajen Damba, nan bakin garin Gusau. Ran nan muna da baƙi, masu bishara uku waɗanda su ka zo daga ƙauyukan Tsafe da Bunguɗu, sabo da haka mu ka ƙara ƙarfin murya kaɗan, yadda mai wa'azi ya kan yi in ya ga abokan aikinsa suna saurare. Mu ka ce mata da yawa sun zama Martha, tukunya ta fi musu maganar Allah. Muna cikin faɗin haka sai ga wata dattijuwa ta shigo a makare, ta raɓa ta zauna a bakin ƙofa. Mu ka dube ta, jama'a kuwa su ka bi idonmu. Ba mu kira sunanta ba, amma ba wanda bai gane ba.

Da aka tashi sujada aka kai mu gidan wani dattijon ekklesiya, aka kawo tuwon dawa da miyar kuka, har da hoce domin guzurin baƙi. Mu ka ci mu ka ƙoshi, mu ka yi godiya. Sa'an nan mu ka tambaya, wa ya yi wannan girki? Aka ce ai ita ce, wadda ta makara. Tun asuba ta ke kansa, ruwan dare ya jiƙa itace, wuta ta ƙi kamawa.

Da ta zo kwashe kwanuka ta durƙusa ta gaishe mu, ta ce, "Malam, na ji wa'azi, na gode. Amma ina da tambaya. Da na zama Maryamu yau, me baƙinka za su ci?" Baƙi su ka yi dariya, mu ma mu ka yi, irin dariyar da a ke rufe kunya da ita. Ita dai ba ta yi ba. Ta ce, "Akwai wata kuma. Shekara arba'in ke nan ina daka, ina tankaɗe, ina wankin tsummokin yara. Ban iya karatu ba, ban taɓa tsayawa gaban jama'a ba. Ran da na tsaya gaban Ubangiji, me zan ce na yi masa?"

Mu ka ce, "Inna, ki yi haƙuri, Allah yana gani." Ta ce, "To, Malam," ta ɗauki kwanukanta ta tafi. Mun sani ba mu amsa mata ba, sallamarta kawai mu ka yi. Bashi ne a kanmu, shi kuwa mu ke so mu biya a wannan takarda, gama akwai mata dubbai cikin ekklesiyoyinmu masu wannan tambaya a zuci, kunya ce kaɗai ta hana su faɗi.

INDA MU KA YI KUSKURE

Mun saba raba zamanmu gida biyu. Kashi ɗaya mu kan kira shi aikin Ubangiji, watau wa'azi, da waƙa, da koyarwa a makarantar Lahadi, da fita bishara. Ɗaya kashin mu kan kira shi hidimar duniya, watau noma, da ciniki, da girki, da shara, da reno. In saurayi ya tafi makarantar Littafi Mai Tsarki mu kan ce ya ba da kansa ga aikin Allah. In yarinya ta yi aure mu kan ce ta tafi ɗakinta, shi ke nan. Ba wanda ya taɓa zaunad da mu ya koya mana wannan rabo, amma yana bakinmu kullum, yara kuwa suna ji.

To, bari mu yi lissafi. Mako ɗaya sa'a 168 ne. Mace mai himma, in ta zo sujadar Lahadi, ta zo addu'ar tsakiyar mako, ta zo taron Zumuntar Mata, da wuya ta wuce sa'a 8 a majami'a. Saura 160. In a majami'a kaɗai a ke yi wa Allah aiki, ashe rabonsa cikin makonta bai kai kashi ɗaya cikin ashirin ba. Sauran fa, na wa ne? Wanda ya fanshe mu da jininsa bai sayi Lahadi ya bar Litinin ba. Manzo Bulus ya gargaɗi Kolossiyawa su riƙa yin kowane aiki da zuciya ɗaya domin Ubangiji (3:22-24). Mu lura da waɗanda ya ke yi wa maganar a wurin nan: bayi ne, masu shara da ɗiban ruwa a gidan wani. In aikin bawa a gidan da ba nasa ba ya isa a miƙa shi ga Kristi, balle aikin uwa a tsakanin 'ya'yanta.

SHEKARA TALATIN A NAZARAT

Luka ya gaya mana Yesu yana da wajen shekara 30 sa'ad da ya fara koyarwa (3:23), koyarwar kuwa wajen shekara 3 ta yi. Watau kashi goma cikin goma sha ɗaya na zamansa a duniya a gida ya yi shi, mafi yawa a wani ƙaramin gari wanda mutanen ƙasar ba su ɗauke shi a bakin kome ba. Mutanen garin sun san shi masassaƙi ne, sun san uwatasa, da 'yan'uwansa maza huɗu, da 'yan'uwansa mata (Markus 6:3). Gida ne mai cike da yara, inda a ke tashi kullum da neman abin da za a sa a baka. Ran baftismarsa a Kogin Urdun murya daga sama ta shaida Uban yana jin daɗinsa. A lokacin nan bai yi wa'azi ko ɗaya ba tukuna, bai warkad da kowa ba. Abin da ya yi har ran nan shi ne biyayya ga iyaye, da sana'ar hannu, da zaman gida.

Wanda ya karanta misalan Yesu da lura zai ga idon yaron da ya zauna kusa da uwarsa tana aiki. Ya san yadda mace ta kan cuɗa yisti cikin gari ta jira shi ya tashi (Matta 13:33). Ya san in kuɗi ya ɓace a ɗaki mai duhu, sai an kunna fitila an ɗauki tsintsiya (Luka 15:8). Ya san ba a yi wa tsohuwar riga maho da sabon ƙyalle, gama in an wanke sabon zai ja ya ƙara yagewar (Markus 2:21). Wannan sanin mai ɗinki ne, ba a samunsa a makarantar malamai. Ya san wuyar tashi da tsakar dare a buɗe wa maƙwabci ƙofa bayan yara sun yi barci (Luka 11:7). Sa'ad da ya so ya kwatanta ranar zuwansa, sai ya nuna mata biyu suna niƙa (Matta 24:41). Watau ranar nan za ta iske waɗansu zaɓaɓɓu a bakin dutsen niƙa, da gari a hannuwansu, ba kuwa za su ji kunya ba.

Ekklesiya ma a gida ta yi rarrafe. Masu bi na fari a gidaje su ke taruwa, kamar gidan Akila da Biriskilla (Romawa 16:3-5), da gidan Lidiya mai sayad da tufafi a Filibi. Majami'a mafi tsufa da masu tono su ka samu, a garin Dura cikin ƙasar Siriya, gidan zama ne wanda aka gyara wajen shekara ta 240. Kowace ranar taro sai wani ya share tsakar gidan, ya shimfiɗa tabarmi, ya toya gurasar Jibin Ubangiji. Ba a rubuta sunayensu ba, amma da ba su, da ba inda manzanni za su tsaya su yi magana.

MENE NE LAIFIN MARTHA?

Bayan ranar nan ta Damba mun koma mun karanta labarin da sannu (Luka 10:38-42). Martha ce ta karɓi Yesu a gidanta. Bai ce mata ta sauke tukunya ba, bai kuwa ce girki banza ne ba. Abin da ya taɓa shi ne zuciyarta: hidima ta yi mata yawa, hankalinta ya rabu, har ta zo tana ƙarar ƙanwarta, tana zargin Baƙon da kansa da rashin kula. Duk wadda ta taɓa tuƙa tuwo da fushi ta san abin nan. Hannu yana aiki, zuciya tana lissafin wanda ya zauna bai taimaka ba.

Yohanna ya ƙara mana labarin Martha. Ya ce Yesu yana ƙaunarta (11:5). Ita ce ta fita ta tarye shi sa'ad da Li'azaru ya mutu, daga bakinta kuma shaida ta fito cewa shi ne Kristi Ɗan Allah (11:27), irin shaidar da Bitrus ya yi. Kwana shida kafin Idin Ƙetarewa mun sake ganinta tana hidimar abinci a Baitanya (12:2), wannan karo ba tsautawa ko kaɗan. Aikin ɗaya ne, macen ɗaya ce, zuciyar ce ta sāke.

Akwai kuma abin da mu maza mu kan tsallake a labarin. Maryamu ta zauna a wurin da almajirai su ke zama, Yesu kuwa ya hana a tashe ta a mayad da ita madafa. Ashe nassin nan kariya ne ga matan da su ke son jin maganar Allah, gargaɗi ne kuma ga duk wanda ya ke hana su. Ran nan a Damba, wa ya hana dattijuwar nan zama tun farkon sujada? Mu ne mu ka gayyato baƙi uku, mu ka bar girkinsu a kan tsohuwa ɗaya da jiƙaƙƙen itace, sa'an nan mu ka hau mu ka yi mata wa'azi. Da mun karanta nassin daidai, da kanmu mu ka fara yi wa.

TSAKAR GIDA BA WURIN WASA BA CE

Wani zai ce, duk da haka shara shara ce, ina girman da ke cikinta? Mutanen Zamfara sun ga amsar wannan da hawaye. A shekara ta 2010 likitocin ƙungiyar MSF su ka tarad da yara suna mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma. Da aka bincika aka ga gubar dalma ce. Masu haƙar zinariya suna kawo duwatsu cikin gidaje, a fasa, a niƙa, a shanya a tsakar gida. Ƙurar ta sauka a ƙasa, ta sauka a kan hatsi da ƙwarya. Yaro mai rarrafe kuwa hannunsa daga ƙasa sai baki, jikinsa kuma ya fi na babba saurin shan gubar. Yara wajen 400 su ka rasu. Ba mu faɗi wannan domin mu ɗora wa iyayen laifi ba, gama neman abinci su ke yi, ba wanda ya gaya musu akwai mutuwa a cikin dutsen. Amma mu lura da maganin: likitoci sun ce ba amfani a ba yaro magani a mayad da shi ƙasar da ta sa masa ciwon, sai an kankare ƙasar gidaje an zuba sabuwa. Garin Bagega sai a 2013 aka yi masa wannan aiki. Ran yaro yana rataye da abin da ke ƙasan tsakar gida, da tsabtar randa, da hannun da ya ke ba shi kunu. Wadda ta ke lura da waɗannan mai tsaron rai ce, ko da ba a ba ta takardar shaida ba.

Haka kuma cikin shekarun nan na 'yan bindiga. A watan Satumba na 2021 aka rufe layukan wayar hannu a Jihar Zamfara, aka hana cin kasuwannin mako. Mutum ba ya iya jin labarin ɗan'uwansa da ke ƙauye, kayan masarufi kuma su ka yi wuya. Kafin wannan da bayansa, mutanen ƙauyuka sun yi ta gudowa Gusau da Tsafe, da yawa kuwa a gidajen 'yan'uwa su ka sauka. Mun ga gidan mutum bakwai ya zama na goma sha biyar cikin dare ɗaya. Mu masu wa'azi mun yi wa'azi a kan karɓar baƙi, daidai ne. Amma wa ya san yadda mudu biyu zai kai inda mudu huɗu ya saba kaiwa? Wa ya ƙara wa miya ruwa, ya rage malmalarsa a ɓoye domin yaron baƙuwa ya ƙoshi? Gwauruwar Zarefat wadda ta ciyad da Iliya daga ɗan garin da ya rage mata (1 Sarakuna 17) tana da 'yan'uwa da yawa a unguwanninmu.

Ga wani abu kuma. Mu masu bi 'yan kaɗan ne a ƙasar nan, maƙwabtanmu Musulmi ne, yawancinsu kuwa ba za su taɓa shiga majami'a su ji wa'azinmu ba. Amma matansu suna shiga gidajenmu aron rariya, da ɗiban garwashi, da barka, da gaisuwar mutuwa. Sun san ko mudun uwargida cikakke ne in tana awo. Sun san ko maigida yana dukan matarsa, gama danga ba ta tare kuka. Sun san yadda mu ke riƙon marayan da ke hannunmu, ko tare ya ke ci da 'ya'yan gida, ko sai an ƙoshi a miƙa masa ƙanzo. Abin da su ka sani game da Yesu, yawancinsa a nan su ka gani.

AMMA FA

Ba za mu ɓoye ba, akwai maganganu uku da mai hankali zai iya tā da su a kan abin da mu ka faɗi.

Ta fari, mace za ta iya cewa, "Wannan daɗin baki ne irin na maza. Ku yabi turmi, ku bar mana taɓarya." Tana da gaskiya, in yabon ya tsaya a baki. In aikin gida aikin Allah ne, to, namiji ba shi da hujjar jin ya fi ƙarfinsa. Ubangijinmu ya yi ɗamara da mayafi ya wanke ƙafafun almajiransa (Yohanna 13). Bayan ya tashi daga matattu, da ikon sama da ƙasa a hannunsa, almajirai su ka iske shi a bakin teku da wutar gawayi, da kifi a kai, da gurasa, ya kira su su karya kumallo (Yohanna 21). A shekara ta 1522 Martin Luther na Jamus ya rubuta ɗan littafi a kan aure, inda ya kawo misalin uba mai wankin tsummokin jaririnsa, mutane suna yi masa ba'a. Ya nuna in da bangaskiya uban ya ke yi, Allah yana murna da shi, masu ba'ar ne abin dariya. Bulus kuma ya sa riƙon gida da kyau cikin sharuɗan zama shugaban ekklesiya (1 Timothawus 3:4-5). Riƙon gida ya wuce ba da kuɗin cefane da safe a fice. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ta biyu, wani zai ce, "In murhu ma wurin bauta ne, me zai kai mace majami'a?" Wannan karkatad da magana ne. Randa ba ta cika kanta, sai an je rijiya. Wadda ba ta jin maganar Allah, ba ta zumunta da 'yan'uwa, ba ta zuwa teburin Ubangiji, ba da daɗewa ba aikinta zai koma gajiya da gunaguni kawai. Sa'a 8 ɗin nan su ke ba sa'a 160 ɗanɗano, kamar gishiri a miya. Kada kuma kowa ya yi tsammani daka da shara za su cece shi. Ceto kyauta ne ta wurin alheri (Afisawa 2:8-10). Aikin gida godiyar wanda aka riga aka ceta ne, ba kuɗin sayen ceto ba.

Ta uku ita ce mafi nauyi. Maginin da ya gina ɗaki ya kan wuce bayan shekara ashirin ya nuna wa ɗansa. Amma tuwon da aka yi sa'a uku ana wahalarsa, kafin a daɗe an cinye. Inda aka share da safe, da la'asar kaji sun ɓata. Aikin gida ba ya ƙarewa, ba ya barin alama, ba a kuwa lura da shi sai ran da ba a yi ba. Wannan shi ke karya zuciyar mata da yawa, ba nauyin aikin ba. Abin da za mu ce shi ne, aikin Allah kansa haka ya ke. Kowace safiya yana fito da rana, kowace damina yana sauko da ruwa a kan gero da dawa, mutane su ci su manta, gobe kuma ya sāke. Manna a jeji ta kwana ɗaya ɗaya ce (Fitowa 16), abincin da aka koya mana roƙo cikin addu'ar Ubangiji ma na yini ne. Uwar da ta tashi ta hura wuta yau kamar jiya tana kama da Ubanta na sama a cikin aminci.

Alamar ma tana nan, jinkirin bayyana ta ke yi. Bangaskiyar Timothawus ta fara zama cikin kakarsa Loyis da uwarsa Afiniki (2 Timothawus 1:5). A Ingila an yi wata matar fasto, Susanna Wesley, wadda ta haifi 'ya'ya 19, tara su ka rasu tun suna jarirai. Cikin talauci da yawan aiki ta ware wa kowane yaro lokacinsa a mako domin su yi magana a kan ransa, daren Alhamis shi ne na John. John ɗin nan da ƙanensa Charles su ne Allah ya yi amfani da su ya farkad da Ingila, daga aikinsu kuma ekklesiyar Methodist ta fito. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi, mai tanƙwarawar kuwa sau da yawa ba ta rayuwa har ta zauna a inuwarsa.

Kada wadda ba ta haihu ba, ko gwauruwa, ko wadda ba ta yi aure ba, ta ce maganar ba tata ba ce. Littafi bai ambaci miji ko ɗa ga Dokas ta Yafa ba. Allura da zare ne aikinta, amma ran da ta mutu gwauraye su ka tsaya suna kuka suna nuna rigunan da ta ɗinka, har Allah ya tashe ta ta hannun Bitrus (Ayyukan Manzanni 9:36-42). Kada kuma a ɗauki maganarmu a hana mace koyarwa a makaranta, ko aikin asibiti, ko sana'arta ta ƙuli-ƙuli da ɗinki. Macen kirki ta Misalai 31 tana saƙa, tana ciniki, har gona ta saya.

ABIN DA YA KAMATA MU YI

Ku 'yan'uwa mata, kada ku jira sai aiki ya ƙare kafin ku yi addu'a, gama ba zai ƙare ba. An yi wani mutum a birnin Paris, ana ce da shi Ɗan'uwa Lawrence, ya rasu a 1691. Shekara 15 ya yi yana dafa wa jama'ar gidan ibadarsu abinci, aikin da tun asali ba ya so, amma ya koyi zance da Allah a tsakanin tukwane har mutane su ka riƙa zuwa neman shawararsa. Ku ma haka. In kuna rabon tuwo, ku ambaci sunan mai kowane kwano a gaban Ubangiji. In kuna wankin rigar yaro, ku roƙa masa zuciya mai tsabta. In fushi ya taso, ku faɗa wa Allah kafin ku faɗa wa yara.

Ku 'yan'uwa maza, mu ma muna ciki, ran Asabar da yamma a faskara itace, a cika randa. Ran Lahadi da safe uba ya yi wa yara wanka, ko ya riƙe jariri, domin uwar ta iso kafin waƙar fari. A koya wa 'ya'ya maza wanke kwano da hura wuta. Kada a tsare yarinya daga makaranta sabo da reno ko talla. In an ci abinci a ce wa mai girkin sannu da aiki, a gaban yara. Da dare maigida ya tara iyali, a karanta 'yan ayoyi, a yi addu'a, ko da ta minti goma ce. Tun 1932 mu ke da Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa, ba shi da amfani a ƙarƙashin matashi. In uwargida ba ta iya karatu ba, koya mata yana wuyan mijinta da 'ya'yanta.

Ku dattawa da fastoci, in ekklesiya ta yi baƙi a raba girkin, a yi shi yadda ba wadda za ta rasa sujada. In muna addu'a domin masu bishara da masu mulki, mu riƙa tunawa da masu reno, da masu jinyar tsofaffi, da waɗanda su ka sauki 'yan gudun hijira. Wanda ya makara kuma, a tambaye shi dalili a keɓe kafin a yi masa wa'azi a fili.

Bayan mako biyu mun je gidan dattijuwar nan, mu ka iske ta tana bakace. Mu ka roƙi gafararta. Sa'an nan mu ka karanta mata Matta 25:31-40, inda Sarki ya ke lissafin masu yunwa da aka ciyad, da baƙin da aka sauka, da marasa lafiya da aka duba, ya ce shi aka yi wa, masu yin kuwa ba su ko san sun yi masa kome ba. Mu ka ce, "Inna, ran nan ba sai kin nemi abin faɗi ba. Jinin Yesu ne zai shigad da ke, lissafin aikin kuwa shi ya ke riƙe da shi." Ta ajiye faifai ta yi shiru, can ta ce, "Malam, ashe har tuwon ran nan yana ciki?" Mu ka ce, "Yana ciki, Inna, har da hayaƙin da ya shiga idonki." Ta yi murmushi ta ce, "To, madalla. Amma in za ku sāke yin baƙi, a aiko yara da busasshen itace." Mun aika kuwa.

Ubangiji ya ba mu idon ganin aikinsa a inda ya sa mu, ya sa albarka a gidajenmu, da hannuwan da su ke ciyad da mu. Amin.